Jar Ƙasar Bayan Ɗakin Dada

Yola,
9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abba da yara. A gaishe mini da mahaifiyarki Dada gaisuwa ta musamman, a tambaye ta yaya ƙugun.

Na san za ki yi dariya ganin takarda daga Yola zuwa Jimeta, tafiyar da mai keke ke yi kafin shayi ya huce. Kin san dalilina game da waya, ba sai na maimaita ba. Ban da haka, na yi aikin duba makarantu har na yi ritaya, ban taɓa ganin magana mai nauyi ta zauna daidai ba sai an rubuta ta. Nnamdi mai aikin famfo ya yarda ya riƙa kai miki, tun da shagonsa yana kusa da ku a Dubeli.

Maganar da kika yi ranar da aka sallami Dada daga asibiti ta tsaya mini a rai. Kin ce, a gaban likita da mijinki, ba za ta koma gidan nan ba sai an yi mata banɗaki na zamani a jikin ɗakinta. Ban amsa miki a lokacin ba, domin ba a gaban baƙi ake irin wannan zance ba. Yanzu ga amsata.

Ban musa cewa santsin hanyar makewayi ne ya kayar da ita cikin ruwan Agusta ba. Ni na ɗaga ta, na san abin da na gani. Ban kuma musa cewa wadda ta karye a ƙugu ba za ta ƙara tsugunawa a kan masai irin namu ba. Abin da nake so ki fahimta shi ne, gidan nan ba irin gidajenku na Jimeta ba ne, da ake fasa bango da safe a toshe da yamma. Kakana ne ya gina shi da jar ƙasar wurin nan, kuma azarar zaure har yau ita ce ta asali. Bangon ƙasa kuwa ba ya shiri da ruwa. Idan bututu ɗaya ya yi yoyo a cikinsa, ba za a daɗe ba zai zauna. Na ga yadda aka yi da gidan maƙwabcinmu, aka manna masa wani akwatin siminti mai shuɗin fenti a gaba. Duk lokacin da na wuce sai na kau da kai.

Duk da haka ban ce a'a ba. Cewa na yi a yi tunani.

Gidan ya yi shiru ƙwarai. Na gwada share yashin tsakar gida da kaina, amma tsintsiyar ba ta bin hannuna, zanen da Dada ke fitarwa ya ƙi fita. Ki shaida mata ina zuba wa lallenta na bayan ɗaki ruwa kowace yamma kamar yadda ta umarta, ko da yake ban ga abin da lalle ke nema da ruwan bokiti a tsakiyar damina ba.

Allah ya ƙara sauƙi, ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Salihu Abba

Dubeli, Jimeta
Ran Alhamis

Baba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya kuma kana shan maganin hawan jininka ba sai an tuna maka ba. Abba da yara suna gaishe ka.

Nnamdi ya shigo yana ɗaga ambulan sama yana cewa, "Madam nas, ga saƙo daga hedkwata!" Yara suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san rubutunka tun daga nesa.

Dada tana samun sauƙi. Ta fara takawa da ƙarfen dogarawa daga gado zuwa ƙofa. Amma gaskiya, Baba, zaman nan bai karɓe ta ba. Ƙarar janaretan maƙwabta tana hana ta barci, ta ce ruwan famfonmu ba shi da ɗanɗano, kuma kullum idonta yana ƙofa. Gida take so. Ni ma gida nake so mata. Sai dai ni ce nake ganin tsofaffin da suka faɗi karo na biyu a wurin aiki, kuma ba zan gaya maka yadda suke ƙarewa ba. Tunani kaɗai ba zai mayar da ita Yola ba.

Yanzu zan faɗi abin da na daɗe ina juyawa. Nnamdi ya ce hanya mafi sauƙi ita ce ɗakin yayana, Hamma Suhaib. Bango ɗaya ne tsakaninsa da na Dada, ƙofa kawai za a fasa. Bayansa kuma lungu ne, a can za a haƙa ramin sokawe, nesa da rijiya, ba a taɓa fuskar gidan ba ko kaɗan. Wanda ya shigo ba zai ma san an yi wani abu ba.

Na san abin da na rubuta, Baba. Wata mai zuwa shekara goma ke nan da faɗuwar Mubi a hannun 'yan tada ƙayar baya, lokacin Hamma yana koyarwa a can. Ban manta lokacin da mutane suka cika mana zaure ba, har da Nnamdi da matarsa Goretti, ƙafafunsu a kumbure, mata suna kwana a kan yashi da jarirai, amma ɗakin nan ba ka buɗe shi ba. Ban manta ba cewa tsohuwar wayarka kullum tana jikin caji, kuma ba wanda ya isa ya kira ta, don kada Hamma ya kira ya ji ana magana. Ban ce ka daina jira ba. Amma Dada tana da rai, kuma tana nan.

Na ɗan taɓo mata zancen. Ka san ta. Hamma ɗan fari ne, tun ina yarinya ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "yayanki" ko "wancan". Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam ya sani." Daga nan sai ta tambaya ko da gaske kana zuba wa lallen ruwa, ko faɗa kawai ka yi.

Ka yafe mini idan na wuce iyaka.

'Yarka,
Zuhra

Yola,
24 ga Satumba, 2024

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta ta a tsanake. Ba ki wuce iyaka ba, amma kin zo bakinta.

Ɗakin Suhaib ba ya cikin lissafi, kuma ina roƙon kada a ƙara kawo shi. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce: "Baba, mun fita ta bayan duwatsu, cajina ya kusa ƙarewa, zan kira idan mun kai inda akwai sabis." Cewa ya yi zai kira. Na bi sansanonin 'yan gudun hijira ina duba fuskoki, na tambayi ɗalibansa da suka iso Yola a ƙafa. Ban ga gawa ba, ban ga wanda ya ga gawa ba. An sha jin waɗanda suka ɓullo daga Kamaru bayan an fid da rai. Mutum ba zai dawo gidan ubansa ya tarar an kafa masai a inda gadonsa yake ba.

To, amma na ce ban ƙi ba, kuma ga shaida. Na zauna da Nnamdi a zaure, na shimfiɗa masa sharuɗɗa. Wurin zama ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai kuma ba ta baya ba. Na ɗauko kamfas ɗina na zamanin koyar da labarin ƙasa na auna da kaina, domin "gabas" da mutane ke faɗa da ka ba daidai ba ne. Ramin kuma dole ya yi nesa da rijiya. Sannan kada wani bututu ya ratsa tsohon bango. Nnamdi ya riƙe kai ya ce, "Baba, gidan gwamna ma bai ba ni wahala haka ba. Mama ya san irin mijin da ya aura?" Na ce masa ta sani, kuma "ta" ake cewa.

Da aka bi waɗannan sharuɗɗa, wuri ɗaya ne ya rage, wato ɗan filin da ke bayan ɗakin mahaifiyarki. Za a gina ƙaramin ɗaki a can, a mayar da tagarta ta baya ƙofa, ramin kuma ya zauna a gefensa. Daga ciki bulo ne da siminti da tayil mara santsi, da ƙarfen riƙewa a bango, da wurin zama mai tsayi, da shawa. Daga waje kuwa yaɓen ƙasa za a yi masa, rufinsa ya shige ƙarƙashin tsohon rufi, ƙyaurensa kuma na tsohon ɗakin ajiya ne da na adana tun rasuwar mahaifina. Niyyata ita ce idan baƙo ya zagaya, ya rantse tare aka gina su.

Sai ruwa ya ɗauke za a fara. Ina da buƙata ɗaya: kada ki gaya wa Dada inda za a yi, ko yadda za a yi. Za ta ce ana wahala saboda ita, ta hana. Tun da muka yi aure ban taɓa yi mata wani abu da ba ta riga ta sani ba, domin ta fi ni ido. Ina so sau ɗaya in riga ta.

A gaishe ta. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Salihu Abba

Yola,
18 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina farin cikin sanar da ke cewa aiki ya kusa kammala. Wannan takarda kina iya karanta wa mahaifiyarki ita daga farko har ƙarshe, domin lokacin ɓoyo ya wuce.

Hajiya, ɗakin yana bayan naki. An mayar da tagar ƙofa, ba tare da ko tsaga ɗaya ta bayyana a tsohon bango ba, domin ina tsaye aka yi, kuma na hana amfani da babbar guduma. Tayil ɗin ruwan ƙasa ne mai kaushi. Na jiƙa shi na taka da ƙafata babu takalmi kafin na yarda a saya. Alƙibla tana gefen hagun mai zama, ba gaba ba, ba baya ba. Abin da ya rage shi ne a kafa wurin zaman, wanda har yanzu yana cikin kwalinsa a zaure, a haɗa bututu da rami, a rufe ramin.

Abu ɗaya ne ban so ba. Lallen ya faɗo daidai tsakiyar inda ramin zai zauna, babu yadda za a kauce masa, dole aka sare shi aka tone saiwar. Kada ki damu. Na riga na yi magana da mai sayar da dashe, zan kawo miki guda biyu a madadinsa, har da lemun tsami, a dasa su kusa da rijiya inda ba sai an ɗauki bokiti ba.

Wani abin sha'awa kuma ya faru. Masu haƙa ba su yi nisa ba sai diga ta ci karo da wata 'yar tukunya a ƙarƙashin saiwar, an kife bakinta da kasko. Ta fashe gida uku. Nnamdi ya leƙa ya ce, "Baba, idan zinariya ne, raba daidai!" Babu komai a ciki sai baƙar ƙasa. Ina kyautata zaton tun zamanin kakana take, wanda ke nuna wurin ya daɗe da mutane fiye da yadda ake faɗa. Na wanke gutsattsarin da kyau na jera su a tagar zaure.

Yanzu ga abin da na fi alfahari da shi. Ƙasar yaɓe da aka kawo a tifa fara-fara ce, ta bakin kogi, ko makaho ya shafa zai san baƙuwa ce. Na mayar da ita. Na ce da maginin, ƙasar da ta gina gidan nan tana ƙarƙashin ƙafarmu. Aka tattara duk wadda aka haƙo daga ramin, ba a bar ko cikin tafin hannu ba, aka kwaɓa ta da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, aka yaɓe sabon ɗakin da ita. Jiya da hantsi na tsaya daga bakin rijiya na duba. Ni da kaina sai da na nemi inda tsohon bango ya ƙare, sabon ya fara.

Ina ganin zuwa ƙarshen wata kina iya dawowa ɗakinki. Zuhra, ki shirya da Abba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki,
Salihu Abba

Dubeli
Ran Juma'a

Baba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa maka yadda abin ya faru kawai.

Shekaranjiya bayan la'asar na zauna a bakin gadonta na fara karanta mata. Da na zo wurin tayil da alƙibla har murmushi ta yi, ta ce, "Malam ke nan." Da na zo wurin lalle sai carbin ya tsaya a hannunta. Na zaci haushin itacen ne, na ce, "Dada, ai biyu za a kawo miki." Ba ta kula ni ba. Da na karanta zancen tukunya ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "An kife da kasko?" Na ce haka ya rubuta. Ta ce, "Ƙarasa." Na ƙarasa har wurin yaɓe. Sai ta juya ta fuskanci bango. Ranar ba ta ci komai ba, ko kunun da take so.

Sai washegari, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta yi magana, ba ta ko dube ni ba. Zan rubuta maka yadda ta faɗa.

Ta ce, "Ranar da aka haifi yayanki, Malam yana Zariya wurin kwas. A ɗakin nan na haihu. Kakarki ce ta wanke mabiyiya ta sa a tukunya. Da cibiya ta faɗi ta haɗa da ita, ta kife da kasko, a bayan ɗaki inda nake wankan jego. Ni na dasa lallen a kai don kada a riƙa takawa. Ke a asibiti aka haife ki, ban san inda suka kai taki ba."

Na ce, "Dada, Baba ya sani?"

Ta ce, "Maza ba sa sanin wannan."

Sannan ta ce, "Kowa yana da inda yake zuwa ya tsaya a kan nasa. Ni ba a kawo mini komai daga Mubi ba, ko takalmi. Abin da ƙasa ta riƙe mini nasa ke nan. Can nake zuwa da yamma in yi masa addu'a."

Baba, ashe ba ban ruwa take zuwa yi ba. Shekara goma muna ganinta da bokiti.

Na ce, "Don me ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "Ɗan fari ne, da wane baki? Kuma Malam yana da ɗakin, yana jira. Ni na daɗe da daina jira. In na ce masa ga inda nake zuwa, na gaya masa yaron ya mutu ke nan. Ban iya ba."

Ban taɓa ganin hawayenta a kan Hamma ba sai jiya. Ko sauti babu, suna zuba kawai cikin kunnenta.

Ga abin da ya sa na rubuto da sauri. Ta ce ba za ta iya kewayawa a ɗakin da aka shafe da shi ba. Ta ce ba za ta iya kwanciya tana jin ruwan ƙazanta yana sauka a ramin nan ba. Ta ce a bar ta a Dubeli, in ta mutu a nan ma ƙasa ce. Ba cikin fushi ta faɗa ba, da ma fushi ne da na san yadda zan yi da ita.

Ban ɗora maka laifi kai kaɗai ba. Ni na kafa sharaɗin, ni kuma na riƙe maka sirrin. Da na ce mata "bayan ɗakinki" tun watan Satumba, da kalma ɗaya ta isa.

Don Allah ka ci abinci, ka sha magani. Ba zan iya jinyar mutum biyu ba.

'Yarka,
Zuhra

Yola,
27 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Hajiya Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan jikin da sauƙi. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa rubuta miki takarda ba, domin in ban da zaman Zariya, kullum kina inda murya za ta kai. Zuhra za ta karanta miki. Ina roƙon ta karanta a hankali, kada ta gyara komai.

Na tsayar da aikin a ranar da takardarta ta iso. Ina so ki san wannan kafin komai: ba a kafa wurin zaman ba, ba a haɗa bututu ba, ko ɗigon ruwa mara tsarki bai taɓa ramin ba, bai taɓa bangon ba.

Na auna alƙibla, na auna rijiya, na auna kaurin bango. Ke ce ban tambaya ba. Na wanke tukunyar da hannuna, Hajiya, har da soso. Ban san yadda zan nemi gafarar wannan ba, saboda haka ina nema kawai.

Da farko na ɗauko wuƙar magini da niyyar kankare yaɓen in mayar da ƙasar inda take. Da na kai hannu sai na ga ya bushe ya kama. Idan na kankare, gari zai zama, ya bi iska, ya gauraya da yashi, a share shi da tsintsiya. Sai na ajiye wuƙar. Na zauna a gindin bangon har aka kira magariba. Rana ta dake shi tun safe, da na jingina bayana sai na ji shi da ɗumi.

Ga abin da na yi, ga kuma abin da na yanke. Na mayar da gutsattsarin tukunyar cikin ramin, na kife su da kaskon, aka cike shi da yashi mai tsabta daga Binuwai. Saiwar lallen na same ta a bayan katanga inda leburori suka jefar. Na dasa ta a inda take. Ban sani ba ko za ta kama, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba.

Sabon ɗakin ba zai zama banɗaki ba, yanzu ko bayan raina. Na sa an cire ƙarfen shawa an toshe magudanar. Na shimfiɗa tabarma da dardumarki. Ƙarfen riƙewa na bar shi, zai taimake ki wurin tashi daga sallah. Alƙiblar kuwa, ba na jin akwai ɗaki a Yola da aka san tasa kamar wannan. Daga gadonki taku kaɗan ne, ba bokiti, ba santsi.

Banɗakin zai koma inda Nnamdi ya faɗa tun farko. Na je wurin liman na gaya masa ina so a yi wa Suhaib addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu. Ya dube ni, ya riƙe hannuna. Ashe unguwar duka ni take jira.

Shekara goma bango ɗaya ne tsakanina da ke, ina tsaron ɗaki, kina tsaron ƙasa, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye. Kin bar mini jirana ba ki taɓa shi ba. Ni kuwa na sa diga a naki.

Wayar ban iya cire ta daga caji ba tukuna. Kada ki tambaye ni wannan yanzu.

Mabuɗin ɗakin Suhaib yana aljihuna. Jiya na tsaya a ƙofar na daɗe, hannuna ya ƙi. Nnamdi zai zo ranar Asabar da ma'aikatansa, idan na kasa shi zai buɗe. Ban ce ki dawo ba, domin ba ni da bakin faɗar haka. Amma yashin tsakar gida har yanzu ya ƙi hannuna.

Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan ɗanmu.

Mijinki,
Salihu

Dubeli
Ran Alhamis

Malam,

Wa alaikumus salam. Na ji takardarka. Zuhra ce ke rubutawa, ni nake faɗa.

Sabon dashe ba ya son ruwa da yawa. Rabin bokiti ya isa, kada ka kashe shi da ƙwazo. In ya kama, to. In bai kama ba, ka bar wurin haka nan, kada ka sayo wani.

Kada Nnamdi ya taɓa ƙofar nan. Kai ma kada ka buɗe kai kaɗai. Abba zai kawo ni gobe in an sauko daga masallaci. Zan yi haƙuri da kujera da bokiti har a gama aikin, na gaya wa Zuhra, ta yi ta faɗa, ta gaji. Akwai riguna a ciki da ni na san wanda zan ba.

Wayar ka bar ta a inda take.

Ka jira ni, mu buɗe ɗakin Suhaib tare.

Sa'adiyya

Baba, da ta zo nan na ɗaga biro na dube ta. Ta ce, "Rubuta yadda na faɗa."
Zuhra